Yaya ake gane wariyar launin fata a makarantar da kowa yake cewa babu ita?

Baban Abdulhakim ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsarin makarantun Ingila, musamman malamai da iyayen da suka riga mu shiga irin wannan hali. Muna zaune a wani gari a tsakiyar ƙasar, kuma ɗana yana aji na 10 a makarantar sakandaren gwamnati, wato baɗi ne zai zana jarrabawar GCSE ta kammala sakandare. Makarantar ta tara jama'a iri-iri: akwai 'ya'yan mutanen Pakistan da Somaliya da Poland da Romaniya, akwai jikokin mutanen Jamaika, akwai mu 'yan Afirka ta Yamma, ga kuma Turawan garin.

Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, an sanya yaron a rukunin lissafi da za a bai wa takardar jarrabawa ta matakin ƙasa, wato mai sauƙi, alhali makin da ya fito da shi daga firamare da na gwaje-gwajen bara bai gaza na wasu abokansa da aka kai matakin sama ba. Da na tambayi dalili, sai malamin ya ce yaron yana da ƙwaƙwalwa amma himmarsa ba ta kai ba, don haka gara a bar shi inda ba zai sha wahala ba. Na biyu, a manhajar da makaranta take turo mana rahoton ɗabi'a an sha rubuta masa laifin raina malami, kuma da na bi diddigi sai na tarar wani ɓangare na laifin shi ne yana sunkuyar da kai idan ana yi masa faɗa, ba ya kallon malami ido cikin ido. Mu kuwa tarbiyyar da muka ba shi ke nan, domin a wurinmu yaron da ya tsura wa babba ido ana tsawata masa shi ne marar kunya.

A taron iyaye na zangon da ya wuce, wata baiwar Allah wadda iyayenta suka zo daga Jamaika ta miƙe ta ce abin da ke faruwa wariyar launin fata ce da ta yi jijiya a cikin tsarin makarantar. Shugabar makaranta ta amsa cikin natsuwa cewa ta san malamanta ɗaya bayan ɗaya, babu mai ƙin baƙar fata a cikinsu, kuma duk shekara ana ranar al'adu inda kowa yake zuwa da tufafi da abincin ƙasarsa. Ni ma ban taɓa jin wani malami ya furta kalmar cin mutunci ba, wasunsu ma mutanen kirki ne ƙwarai. To yaya za a ce akwai wariya a wurin da ba a iya nuna mutum ɗaya da yake yin ta? Ta yaya uba zai bambance ta da kuskuren malami ko sakacin ɗansa? Kuma wane mataki zan ɗauka wanda ba zai sa a sa wa yaron ido ba?

Maman Safiyya, malamar kimiyya a Landan, ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar da shugabar makarantarku ta bayar ita ce amsar da aka fi bayarwa, kuma mai yiwuwa ne gaskiya take faɗa game da zukatan malamanta, sai dai ba wannan ce tambayar da waccan uwa ta yi ba. An yi wannan muhawara a ƙasar nan tun da daɗewa. A watan Afrilun 1993 wasu samari Turawa suka kashe Stephen Lawrence, matashi baƙar fata ɗan shekara 18, a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan, kuma 'yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Kwamitin da tsohon alƙali William Macpherson ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 1999, inda ya bayyana cewa hukuma sukutum tana iya gaza yi wa mutane aikin da ya dace saboda launinsu ko al'adarsu ko asalinsu, ta hanyar ƙa'idojinta da ɗabi'un ma'aikatanta da zaton da suke yi wa mutane ba tare da sun ankara ba. Daga cikin shawarwari 70 na rahoton har da waɗanda suka shafi makarantu, kamar rubuta duk wani lamari na wariya da ya auku, da bayyana adadi da asalin ɗaliban da aka kora. Abin lura shi ne, ma'aunin ya tashi daga niyyar mutum ɗaya ya koma kan sakamakon da tsari yake haifarwa shekara bayan shekara.

Batun matakan jarrabawa da ka kawo yana daga cikin wuraren da aka fi ganin wannan, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke shi da wasa. A lissafi da darussan kimiyya da harsunan waje, ana raba takardar GCSE gida biyu. Wanda ya zana ta matakin ƙasa, ko da ya amsa kowace tambaya daidai, ba zai wuce maki 5 ba, alhali ta matakin sama tana kaiwa har maki 9. Yawancin makarantun gaba suna neman maki 6 ko 7 kafin su bar ɗalibi ya ci gaba da lissafi a matakin A-level, wato karatun share fagen shiga jami'a, kuma ba tare da shi ba hanyar injiniyanci da fannoni makamantansa ta kusan toshewa. Ke nan hukuncin da malami ya yanke a ofis, a kan yaro ɗan shekara 14, yana iya rufe masa ƙofa tun kafin ya riƙe alƙalami. Farfesa Steve Strand ya yi nazari a kan dubban ɗaliban Ingila, ya gano cewa idan aka ɗauki yaran da makinsu na baya ya yi daidai, a duk Turawan Birtaniya uku da aka shigar matakin sama a gwajin lissafi da kimiyya na yara masu shekara 14, 'yan asalin Karibiyan, wato yankin su Jamaika, biyu kawai ake shigarwa. Babu malamin da ya zauna ya tsara hakan. Ɗaruruwan ƙananan hukunce-hukunce ne, kowanne da uzurinsa mai kama da hankali, irin su "bai da himma" ko "gara a sauƙaƙa masa", waɗanda idan aka tara su sai a ga duk gefe ɗaya suka karkata.

Ina zama a irin waɗannan tarurruka na rarraba ɗalibai, kuma abin da nake gani shi ne ɗabi'a tana yawan shiga cikin hukuncin da ya kamata a yi a kan iyawa. Yaron da rahotonsa ya cika da jan rubutu, da wuya wani malami ya tsaya masa a kai shi rukunin sama, ko da makinsa ya isa. Saboda haka matsalolinka biyu a haɗe suke. Sunkuyar da kai ya zama raini a idon malami, rainin ya shiga rahoto, rahoton ya zama hujjar rashin himma, rashin himmar kuma ta kai shi matakin ƙasa.

Shawarata ita ce ka rubuta wa shugaban sashen lissafi wasiƙa, kada ka tsaya a kan magana ta baki. Ka nemi a faɗa maka a rubuce wane maki ake buƙata kafin a shiga matakin sama, nawa ɗanka ya samu, kuma yaushe za a sake duba rukunonin. Kada ka fara da zargin kowa, domin tambayar da ta dogara da lambobi ta fi wuyar kaucewa. Game da kallon ido kuwa, ka nemi ganawa da malamin da ke kula da ajinsu, ka bayyana masa ma'anar abin a tarbiyyarmu, ka nemi a sanar da sauran malamai. Malamai da yawa ba su taɓa jin wannan ba, kuma na ga waɗanda suka sauya bayan an yi musu bayani sau ɗaya.

Alhaji Baban Nafisa, daga Manchester, ya amsa:

Malam, Allah ya raya mana zuri'a. Ina girmama bayanin Malama, kuma na yarda da shawarar rubuta wasiƙa, amma ina so in ja hankalinka ga wani gefe kafin ka sa wa abin suna. Binciken da ta ambata a kan 'yan asalin Karibiyan aka yi shi, ba a kan 'ya'yanmu ba. Alƙaluman gwamnati sun daɗe suna nuna cewa ɗalibai baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka, a matsakaicin lissafi, suna fin Turawan Birtaniya sakamako a GCSE. Kwamitin da Tony Sewell ya jagoranta, wanda ya fitar da rahoto a Maris na 2021, ya kafa hujja da wannan, ya ce tunda yaran Afirka da na Karibiyan launinsu ɗaya, ajinsu ɗaya, malamansu ɗaya, amma sakamakonsu ya sha bamban, to dole a duba yanayin gida da talauci da unguwar da aka tashi. Na san an soki rahoton sosai, amma wannan tambayar tasa tana nan tana jiran amsa. Haka kuma yaran Turawa 'ya'yan talakawa, musamman maza a tsofaffin garuruwan masana'antu da na bakin teku, suna daga cikin waɗanda aka fi bari a baya, kuma ba launi ne ya jawo musu ba.

Abin da nake tsoro shi ne abin da wannan magana take yi wa zuciyar yaro. Idan ɗa ya ji mahaifinsa yana cewa makaranta ta ƙulla masa, zai iya sakin karatu ya ce ai ko ya yi ba za a ba shi ba, kuma duk gyaran da malami ya yi masa sai ya fassara shi da ƙiyayya. Na ga gidajen da hakan ta faru, kuma ba malamai ne suka yi asara ba. Mu da muka baro gida muka zo nan, ilimin yaranmu shi ne babban jarin da muke da shi. A ganina ka samo masa mai koyar da shi lissafi a gida, ka rage masa waya, ka sa ya ci gwajin gaba da makin da babu mai iya musunsa. Idan ya yi haka aka ƙi ɗaga shi, a lokacin kana da hujja a hannu, kuma ni ne farkon wanda zai raka ka ofishin shugabar.

Baban Muhsin, wakilin iyaye a kwamitin gudanarwar wata makaranta a Birmingham, ya amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, kuma tsoronka game da zuciyar yaro yana da tushe, amma ban yarda da inda ka kai maganar ba. Cewa 'ya'yanmu suna cin jarrabawa a matsakaicin lissafi ba ya nufin kowane ɗayansu ana yi masa adalci, kuma ba ya faɗa mana inda za su kai da ba a tauye wasu ba. Sannan neman yaro ya kawo makin da ya zarce na abokinsa kafin a ba shi abin da aka bai wa abokin a kan maki daidai, wannan shi ne ainihin abin da ake kuka da shi.

Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Wanda aka haifa a Jos ko a unguwar Sabo ta Ibadan, kakansa ma can ya rayu, amma aka hana shi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ya san cewa akawun da ya mayar masa da fom ba lallai ne yana ƙinsa ba, ƙa'ida ce ya tarar kuma yake bi. Haka wanda aka haifa a Sabon Garin Kano iyayensa 'yan kudu yake ji idan aka zo batun gurbin karatu ko tallafin jiha. Kowa a ofishin yana iya zama mutumin kirki, amma ƙofar a rufe take.

Game da bambancinmu da 'yan Karibiyan kuwa, ya kamata mu san tarihinsu kafin mu yi alfahari. A shekarun 1960 da 1970 an riƙa tura 'ya'yansu da yawa makarantun da aka ware wa yaran da aka ce ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba, bisa gwaje-gwajen da ba su yi la'akari da harshe ko al'adarsu ba, har sai da Bernard Coard, wani malami ɗan Grenada da ke koyarwa a Landan, ya fallasa lamarin a 1971. Iyayen suka kafa makarantun Asabar da kuɗinsu don cike giɓin. A wannan zamanin ne kuma ake kwasar yaran 'yan Asiya a motoci daga Southall da Bradford ana rarraba su a makarantu masu nisa, don kada su yi yawa a wuri ɗaya. Waccan uwa da ta miƙe a taronku, mai yiwuwa mahaifinta ko kawunta yana cikin waɗanda aka yi wa haka. Yawancinmu kuwa mun iso ne daga baya, da digirinmu a hannu, muka tarar da dokokin da gwagwarmayarsu ta samar. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne yadda jikokinmu za su kasance bayan sun yi tsatso uku a cikin wannan tsari. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma lamarin bai zama tarihi ba. Bitar da Edward Timpson ya yi wa gwamnati a 2019 a kan korar ɗalibai ta gano cewa ko bayan an cire tasirin talauci da buƙatu na musamman, yiwuwar a kori ɗan asalin Karibiyan kora ta dindindin ta ninka ta Baturen Birtaniya kusan sau 1.7. A Disambar 2020, a wata makaranta a unguwar Hackney da ke Landan, malamai suka yi zargin wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 15 tana warin tabar wiwi, suka kira 'yan sanda, aka tuɓe ta aka caje ta tana cikin jinin al'ada, babu wani babba nata a ɗakin, ba a sanar da mahaifiyarta ba, kuma ba a sami komai ba. Rahoton da ya fito a Maris na 2022 ya ce da alama wariyar launin fata ta yi tasiri, ya kuma yi magana a kan yadda ake kallon yaran baƙar fata kamar manya, a mance cewa yara ne masu buƙatar kariya. Daga baya Kwamishinar Kula da Yara ta Ingila ta bayyana cewa tsakanin 2018 da tsakiyar 2022 'yan sanda sun yi wa yara 2,847 irin wannan caje a Ingila da Wales, kashi 38 cikin ɗari baƙaƙen fata ne. Ɗan sandan da ke wannan aiki ba ya tambayar yaro ko kakansa daga Kingston ta Jamaika yake ko daga Katsina. Hatta gashi ya zama abin hukunci, har wata ɗaliba a Landan da aka yi ta mayarwa gida saboda gashinta na halitta ta karɓi diyyar fam 8,500 a 2020, kuma a 2022 hukumar kula da daidaito ta ƙasa ta fitar da jagora tana gargaɗin makarantu a kan irin waɗannan ƙa'idoji.

Baban Abdulhakim, ga abin da na koya daga zama a kwamiti. Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta wariya ta kai tsaye da kuma wadda take zuwa a fakaice, wato ƙa'idar da aka shimfiɗa wa kowa amma take cutar da wani rukuni ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su riƙa wallafa bayanan daidaito duk shekara, su sanya wa kansu manufofi aƙalla duk shekara huɗu. Ka duba shafin makarantarku na intanet ka ga ko sun yi, domin sau da yawa za ka tarar da tsohuwar takarda da ba a taɓa ba tun da aka ɗora ta. Bayan haka kana da damar neman alƙaluma a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000: adadin waɗanda aka dakatar, da waɗanda aka keɓe a ɗakin horo, da waɗanda suke rukunin sama a lissafi, duka bisa asalin ɗalibai. Za su iya ɓoye ƙananan lambobi don kada a gane yaro, amma hoton gaba ɗaya zai fito. Idan alƙaluman sun nuna babu karkata, ka sami natsuwa, sai ka mayar da hankali kan shawarar Alhaji. Idan sun nuna akwai, to magana ta tashi daga "ɗana" ta koma "makarantarmu", kuma babu wanda zai ce ƙorafin uba ɗaya ne.

Kada ka yi wannan kai kaɗai. Ka nemi waccan uwa ku gaisa, ku jawo iyayen Somaliyawa da na Pakistan, waɗanda suke ɗauke da nasu nauyin na zargin da ake yi wa yaran Musulmi, ku kuma nemi iyayen ƙabilar Roma 'yan gabashin Turai, domin su da al'ummar da ake kira matafiya 'yan asalin Ireland ne alƙaluman kora suka fi nunawa a duk ƙasar, kuma su ne aka fi mantawa da su a irin wannan zama. Iyayen Turawa talakawa da Alhaji ya ambata su ma ku gayyace su, tunda tsarin rukunoni da yake danne yaro bisa zato yana danne nasu. A kwamitin gudanarwa akwai kujerun iyaye da ake cikewa ta hanyar zaɓe, kuma sau da yawa ba a samun masu nema. Wannan kwamiti ne yake zama cikin kwanakin makaranta 15 idan an kori ɗalibi kora ta dindindin, ya duba ko a mayar da shi, kuma shi ne yake da ikon tambayar shugabar makaranta dalilin abin da alƙaluma suka nuna. Ranar al'adu abu ne mai kyau, ni ma ina kai tuwo da miyar kuka, amma ba a ranar ake yanke shawarar wanda zai zana wace takarda ba.

Maman Safiyya ta ƙara da cewa:

Ina goyon bayan Baban Muhsin, kuma ina ganin damuwar Alhaji tana da magani a yadda za a yi wa yaron magana. Ba sai an ce masa malamansa maƙiyansa ne ba. A faɗa masa cewa mahaifinsa yana neman a auna shi da ma'aunin da aka auna kowa, kuma nasa aikin shi ne ya shirya wa awon. A koya masa cewa a makaranta ɗaga kai a kalli malami alamar sauraro ce, a gida kuma ladabinsa yana nan yadda yake, domin yaranmu suna iya riƙe biyun.

Sai dai lokaci yana da muhimmanci, Malam. A watan Fabrairu na shekarar jarrabawa makarantu suke miƙa sunaye ga hukumomin jarrabawa, kuma duk da cewa ana iya sauya mataki bayan nan, matsalar ita ce rukunin ƙasa ba a koya musu wasu babuka da suke fitowa a takardar sama, don haka duk zangon da ya wuce giɓin yana ƙara faɗi. Tunda yana aji na 10, ka nemi a cikin wasiƙar taka a ba shi tsohuwar takardar matakin sama ya zana a makaranta ƙarƙashin sa ido, wani malami daban ya duba ta, kuma a amince tun kafin ya zana a kan makin da idan ya samu za a ɗaga shi kafin hutun bazara.